Ga masu shirin kai amarya yawon jirgin ruwa a Legas

Jama'a, na ga tun da aka gama girbi angwayenmu na nan Auyo da Kafin Hausa ke ta maganar zuwa Legas a hutun ƙarshen shekara, har da tsallakawa Tarkwa Bay, wani wurin shaƙatawa a bakin teku, inda sai da jirgin ruwa ake zuwa. To madalla, amma ruwan can ba irin na kogin Haɗeja ba ne. Igiyarsa na ɗaga jirgi ta sauke, mai ƙarfin ciki ma sai ya ji jiri.

Kada ku cika ciki da maiƙo kafin shiga. Ku riƙe ɗanyar citta kuna tsotsa, ku zauna a tsakiyar jirgi, ido a nesa. Wanda ya duƙufa kan waya shi ke fara amai.

Rigar kariya kuwa ba a ciniki a kanta. Kowa tasa, a ɗaure igiyoyinta tam. Jirgin da ba shi da ita, ko ya yi lodin wuce kima, ku bar shi ya tafi. Amarya ta tattare dogon hijabinta, kada iska ta kai shi wajen inji. Waya da kuɗi a ƙulle su a leda.

Malam ango, yi cinikin zuwa da dawowa tun a tasha, kuma ku juyo kafin magariba, don NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana tafiyar dare.