Yadda Za Ka Yi Magana da Ɗanka Idan Soyayyarsa da 'Yar Wata Ƙabila ta Watse

Kwana uku ke nan yaron ba ya walwala. Wayar da a da ba ta barin hannunsa yanzu tana kife a kan gado, sai ya ɗauka ya duba, ya sake kifewa. Ka san yarinyar, ka san ba yarenku ɗaya ba, wataƙila ma tun farko hankalinka bai kwanta da ita ba. To, sun rabu.

Abu na farko, ka kama bakinka. Maganar da za ta fara zuwa maka ita ce "ai na gaya maka", kuma yaron da ya ji ta sau ɗaya ba zai ƙara kawo maka zancen zuciyarsa ba, sai dai abokai da intanet su ji. Kada ka kira shi ka zaunar kamar za a yi shari'a. Ka bari sai kuna cikin mota ko kuna wani aiki tare, inda ba dole ya kalli idonka ba, sannan ka ce, "Na ga kwanan nan ranka ba daɗi. In kana son magana, ina nan." Idan ya ce "Ba komai, Baba," ka ƙyale shi. Gobe ma rana ce.

Idan ya buɗe baki, ka ɗauki ciwon da gaske. A 2011 Ethan Kross na Jami'ar Michigan a Amurka da abokan aikinsa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 40 da masoyansu suka rabu da su ba da son ransu ba. Da aka nuna musu hoton wanda ya bar su, sassan da ke motsi idan an ɗora wa mutum abu mai zafi a hannu su ma suka motsa. Don haka "mata sun ƙare ne?" ba lallashi ba ne.

Mataki na uku shi ne inda yawancin iyaye ke zamewa. Cikin zafin rai yaron zai iya cewa, "Dama haka mutanensu suke." Kai kuma da ba ka so abin ba tun asali, sai ka ji kamar ya sosa maka inda ke maka ƙaiƙayi. Kada ka gyaɗa kai. Ka tambaye shi, "Ita ce ta yi maka haka, ko mutanensu?" Ku zauna ku tsefe abin: ƙarya ce, kishi ne, nisa ne, ko kuwa iyayenta ne suka ƙi? Sau da yawa za ka tarar hali ne, wanda ko 'yar ƙanwarka ce za a iya samun haka. Idan kuwa da gaske bambancin ne ya raba su, a faɗi takamaiman abin, kada a shafa wa al'umma guda baƙin fenti.

Nakan tuna Seretse Khama, ɗan sarki daga ƙasar da yanzu ake kira Botswana, a nan. Ya auri Baturiya Ruth Williams a Landan a 1948, kawunsa ya ƙi, gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta matsa lamba, Turawan Ingila 'yan mulkin mallaka suka hana shi zama a ƙasarsa har 1956. Ya zama shugaban Botswana na farko a 1966, kuma suna tare har ya rasu a 1980. Ƙasashe biyu ba su raba su ba, alhali wasu 'yan gida ɗaya saƙon waya guda ke raba su.

Bayan 'yan makonni, idan ƙura ta lafa, sai ka faɗi naka ra'ayin saboda gaba, amma da sigar tambaya: wane harshe yaranku za su tashi da shi, a ina za ku zauna, danginta sun san da kai? Idan addini ne iyakar da ba za ka iya tsallakewa ba, ka faɗa a fili. Kada ka fake da ƙabila, don yara suna gane mai kwana-kwana.

Sauran aikin na waya ne. Ya daina leƙa shafinta, kada ya yi habaici a Facebook, kuma hotuna da saƙonnin da ta turo masa amana ne, ba a yaɗawa komai zafin rabuwa. Kai kuma ka sa ido. Idan ya wuce mako biyu ba barci, ba cin abinci, ya janye daga kowa, ku ga likita. Idan kuwa ya ambaci mutuwa ko cutar da kansa, a ranar za ku tafi.