Kurakuran da ake yi idan ana gardamar ɗauko tsohon risiba mai zafin kai a NFL

Duk shekara da zarar Maris ya kama an buɗe kasuwar 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, zaurenmu na WhatsApp ba ya zama lafiya. Wani tauraron risiba ya yi rigima da ƙungiyarsa, an ce za a sallame shi, nan take ƙannenmu da suka fara kallon ƙwallon Amurka bara waccan su rabu gida biyu. Waɗannan na cewa a ɗauko shi ko nawa zai ci, waɗancan na cewa ko kyauta kada ya taka musu ƙofa. Sama da shekara ashirin ke nan ina bin wasan nan, tun ina ɗalibi a Filadelfiya, kuma bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya.

Ku fara gane aikin mutumin. Risiba shi ne mai gudu ya cafe ƙwallon da kwatabak, wato jagoran kai hari mai rarraba ƙwallo da hannu, ya jefo. Ɗan gaba a tamaularmu idan ya ji shiru yana iya komowa tsakiya ya ƙwato ƙwallo da ƙafarsa. Risiba ba shi da wannan damar. Zai yi ta sheƙa gudu tun farkon wasa har ƙarshe, idan kwatabak bai waiwayo shi ba haka zai koma gida hannu rabbana, alhali albashinsa na baɗi da yawan abin da ya cafe ake auna shi. Mutumin da abincinsa ke hannun wani dole ya riƙa ƙorafi. Saboda haka wanda ya ce min "ai wane mai matsala ne" ya tsaya nan, bai faɗi komai ba. Wace matsala? Ta kuɗi, ta rashin jefo masa ƙwallo, ko ta rashin jituwa da koci? Kowace da maganinta.

Kuskuren da ya fi cin raina, don ni ma ya ci ni, shi ne auna mutum da shekararsa ta farko.

A 2004 Eagles, ƙungiyar Filadelfiya, ta ɗauko Terrell Owens daga San Francisco 49ers, inda kowa ya san yadda suka ƙare da kwatabak ɗinsa Jeff Garcia. Kafin zuwansa sau uku a jere Eagles tana zuwa wasan da za a ci a tafi Super Bowl, wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, ana kora ta gida. Yana zuwa gari ya canza. Tocdawun 14 ya ci a kakar nan (tocdawun shi ne kai ƙwallo ƙarshen filin abokan gaba, kamar cin ƙwallo a tamaularmu), yadi 1,200 na tazarar da ya ci da ƙwallayen da ya cafe, ƙungiya ta ci wasa 13 ta faɗi 3. A Disamba aka finciko shi ta ƙeyar riga a wasan Dallas, ƙafarsa ta karye, aka ce shi da fili sai baɗi. Mako bakwai kacal ya dawo ya buga Super Bowl a Jacksonville, ya cafe ƙwallo 9, yadi 122. New England Patriots ta ci mu 24 da 21, amma a daren nan da wani ya zagi Owens a gabana da mun yi dambe.

Abokin hayata a lokacin wani Bahaushen Kumasi ne, ya girme ni, tasi yake tuƙawa, kuma shi ya koya min wasan. Ya ce min, "Ƙanena, amarya ba ta laifi. Bari a shekara tukuna." Na ce hassada ce. Da bazara na kwashe kuɗin da nake tarawa na sayi tikitin wasan Seattle na watan Disamba da jesin Owens mai lamba 81, har na ci bashin cikon kuɗin haya a wurinsa.

Abin da ya biyo baya duk mai bin wasan ya sani. Owens ya ɗauki sabon dillali, Drew Rosenhaus, ya nemi a sake kwantiraginsa na shekara bakwai mai kusan dala miliyan 49, ƙungiya ta ƙi. Ya fara yi wa kwatabak Donovan McNabb gugar zana a kafafen labarai. A Agusta koci Andy Reid ya kore shi daga sansanin atisaye na mako guda, ya koma ƙofar gidansa yana motsa jiki a gaban kyamarori. A Nuwamba aka dakatar da shi, bai sake buga wa Eagles ba. McNabb ma rauni ya kwantar da shi. Ranar 5 ga Disamba na hau jirgin ƙasa zuwa filin Lincoln Financial, dusar ƙanƙara na zuba, na rufe jesin da rigar sanyi don kunya. Kafin hutun rabin lokaci an zuba mana 35 ba ko ɗaya. A hutun ne aka karrama marigayi Reggie White, tsohon gwarzon Eagles, aka jingine lambarsa 92 don kada wani ya sake sa ta, ana gamawa mutane suka fara zarewa. Na zauna har ƙarshe, yatsuna sun daskare, 42 da nema. Kakar ta ƙare da ci 6, faɗuwa 10. Wata uku na yi ina biyan bashin nan. Babu wanda ya yaudare ni. An faɗa min, ni ne na ƙi ji.

Har gobe ina cewa Owens yana da gaskiyarsa a batun kuɗi. A NFL adadin da ake shelantawa ba shi ne kuɗi ba, abin da aka ba da garanti a kai shi ne kuɗi, sauran kuwa ƙungiya tana iya yaga takarda duk ranar da ta ga dama. Mutumin da ya buga Super Bowl da ƙarfe a ƙafa yana da bakin neman ƙari. Amma wannan ne ma dalilin da ya sa shekara ta biyu take da haɗari. A ta farko yana so ya wanke sunansa, ya nuna wa waɗanda suka kore shi sun yi asara. A ta biyu ya riga ya nuna, lissafi yake jira. Ku dubi Antonio Brown a Tampa Bay. Oktoban 2020 suka ɗauke shi a kan kuɗi kaɗan, ya zauna lafiya, ya ci tocdawun a Super Bowl ɗin da suka lallasa Kansas City 31 da 9. Suka sabunta masa. A Disamban 2021 aka dakatar da shi wasa uku kan katin rigakafin korona na bogi, ranar 2 ga Janairun 2022 kuma ana tsakiyar wasa da Jets ya tuɓe jesi da sulke ya fice daga fili ba riga yana ɗaga wa 'yan kallo hannu. Shi ya ce da ciwon idon sawu aka matsa masa ya shiga, ƙungiya ta musa. Ko wa ke da gaskiya, a shekara ta biyu abin ya fashe. Tun daga 2005 al'adata ita ce, idan irin wannan ɗan wasa ya yi wa ƙungiyata kaka mai kyau, ina gode masa a zuciya, in fara addu'ar a rabu ana dariya.

Kuskure na biyu, kuma a nan zan yi muku faɗa. Kuna turo min gutsuren bidiyo na minti biyu, mutum ya yi tsalle ya cafe da hannu ɗaya, kuna cewa "Yaya, ka ga wannan?" Na gani. Wa ya jefo masa? Wa zai jefo masa a ƙungiyarku? Kun taɓa tambaya? Ba ku taɓa ba. Cinikin biri a sama kuke yi.

Randy Moss a Oakland Raiders a 2006 ƙwallo 42 ya cafe, tocdawun 3, ƙungiya ta ci wasa 2 ta faɗi 14, ana ta cewa ya ƙare, ba ya ma son gudu. A Afrilun 2007 New England ta karɓe shi da zaɓin zagaye na huɗu kawai, wato ta ba Raiders gurbinta a zagaye na huɗu na zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi duk shekara, ya kuma yarda aka rage masa albashi. Mutumin nan dai ne, ƙafafun nan dai ne, shekara 30 a duniya. A kakar nan ya ci tocdawun 23, ya karya tarihin Jerry Rice na 22 da ke tsaye tun 1987, Patriots ta ci wasanninta 16 duka kafin Giants ta tare ta a Super Bowl. Me ya canza? Ya tarar da kwatabak Tom Brady wanda ba zai iya rainawa ba, da koci Bill Belichick wanda kujerarsa ba ta rawa, da ɗakin canza kaya cike da dattawan da suka riga suka ɗaga kofi uku. Ba shi ne babba a gidan ba, kuma ya sani. Ku kuma lura da yadda aka rabu. A 2010 ya fara ƙorafin kwantiragi a gaban 'yan jarida, wasa huɗu da fara kaka Belichick ya miƙa shi Minnesota ya karɓi zaɓin zagaye na uku. Minnesota ko wata guda ba ta riƙe shi ba, ya ƙarasa kakar a Tennessee, Patriots kuwa ta gama da ci 14.

Yanzu ku ajiye wannan kusa da abin da Raiders ta yi a 2019. Ta ba Pittsburgh zaɓi biyu, na zagaye na uku da na biyar, ta karɓi Brown wanda ya yi kaka shida a jere yana cafe ƙwallo sama da 100, ta ɗora masa garantin kusan dala miliyan 30, ta mai da shi fuskar ƙungiyar da ba ta tsaya da ƙafarta ba. Ya zo sansani da tafin ƙafa a ƙone saboda injin sanyaya jiki da ya shiga a Faransa, ya shiga rigimar hular kwano da hukumar gasar, ya yi cacar baki da janar manaja Mike Mayock. Ranar 7 ga Satumba aka sallame shi bai buga ko wasa ɗaya ba. A Tampa kuwa Brady, wanda ya koma can a 2020, ne ya tsaya masa, har a gidansa ya sauke shi. Ƙungiya mai ƙaramin kwatabak da ke koyon aiki, ko koci sabo da ke tsoron kora, idan ta ɗauko irin wannan mutum, yaron ne zai lalace: zai riƙa jefa masa ƙwallo don a zauna lafiya ko da mutum biyu na tsare da shi, abokan gaba su yi ta cafewa. Idan ba za ku iya kama sunan mutum ɗaya a ƙungiyarku da zai ce masa "zauna" ya zauna ba, ku daina turo min bidiyo.

Ku kuma masu cewa ko kyauta ba ku so, ba ku tsira ba. A Nuwamban 2021 Cleveland ta saki Odell Beckham Jr. bayan mahaifinsa ya yaɗa bidiyon wuraren da kwatabak Baker Mayfield bai jefa masa ƙwallo ba. Rams ta ɗauke shi na ragowar kakar, wata uku bayan nan shi ya ci tocdawun na farko a Super Bowl ɗin da suka doke Bengals 23 da 20, kafin gwiwarsa ta tsinke. Keyshawn Johnson ma ya ɗaga kofi da Tampa a Janairun 2003, duk da cewa kafin shekarar ta fita shi da koci Jon Gruden sun raba gari. Da an bi ta taku, da waɗannan ƙungiyoyi sun bar alheri a bakin hanya.

Sauran ƙanana ne. Kada ku manta da shekaru, suna ba ya gudu: Chad Ochocinco ya je New England a 2011 yana da 33, bai tayar da rigima ko ɗaya ba, amma ƙwallo 15 kawai ya cafe duk kakar. Kada ku ɗauka sallama kyauta ce, domin akwai iyakar albashin da kowace ƙungiya cikin 32 ba ta isa ta tsallake ba, kuma kuɗin sa hannun da aka riga aka biya yana ci gaba da cin gurbi ko mutum ya tafi. Sama da dala miliyan 21 Pittsburgh ta ɗauka a kanta a shekarar da Brown ya bar ta. Ku tuna mutum 53 ake riƙewa, gurbin tsoho na wani yaro ne da ba zai samu damar koyo ba.

Abu ɗaya kuma ba na saka shi a sikelin nan gaba ɗaya. Mai tsawa a gefen fili daban, wanda ake zargi da cutar da mutane a waje daban. Patriots ta ɗauki Brown a ranar da Raiders ta sake shi, ya buga wasa ɗaya da Miami, kafin mako biyu su cika ta sallame shi saboda zarge-zargen cin zarafi da mata suka yi masa, waɗanda ya musanta. Idan magana ta kai nan, ni ba na tambayar yadi nawa mutum yake ci.

Ni dai idan aka tambaye ni a zaure, abin da nake cewa ke nan: shekara ɗaya, garanti kaɗan, sauran kuɗin a ɗaura su a kan abin da ya cafe da yawan wasannin da ya buga, kuma sai in akwai kwatabak ɗin da yake jin nauyinsa. Na san akwai masu ganin na cika tsauri, suna kafa min hujja da shekara uku masu kyau da Moss ya yi a New England. Na yarda, amma Belichick da Brady ba a kowane gari ake samunsu ba. Jesi kuwa kada wanda ya saya da sunan irin wannan ɗan wasa sai ya ga Nuwamban shekara ta biyu. Idan kuɗin na ƙaiƙayin aljihu, a sayi mai lambar ɗaya daga cikin ƙartin nan biyar da ke tare wa kwatabak gaba, su sukan daɗe a gida ɗaya.