Kwalara a cikin hanji: abin da guba ke yi, da yadda ake mayar da ruwan da ya zube

Ƙwayar kwalara ba ta huda hanji, ba ta kuma shiga jini. Maƙalewa take a bangon ƙaramin hanji ta saki guba mai sassa shida. Biyar suna kama wani maiƙo da ake kira GM1 a fatar tantanin hanji, na shida ya kutsa ciki ya samu furotin Gs, wanda aikinsa shi ne ya kunna saƙo na ɗan lokaci sannan ya kashe kansa. Gubar tana liƙa masa wani sinadari da ke hana shi kashewa. Daga nan saƙon, wato sinadarin cAMP, ya yi ta taruwa, ƙofar CFTR mai fitar da kuloraid daga tantani ta tsaya a buɗe kamar famfon da kansa ya lalace, kuloraid ya fita, sodiyam da ruwa su bi shi (sodiyam da kuloraid su ne sinadaran gishiri). Babban mutum na iya zubar da kusan lita 1 a awa guda, zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa.

Akwai ƙofar da gubar ba ta taɓawa, wato SGLT1, mai shigar da sodiyam biyu tare da gulukos (wani nau'in sukari) ɗaya, ruwa na biye. Duk hikimar ruwan gishiri da sukari a nan take.

A narkar da fakiti ɗaya na SRO, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, a cikin lita 1 cif ta tafasasshen ruwa ko wanda aka sa wa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwa. Babbar robar ruwan da ake sayarwa a Tawa da Yamai lita ɗaya da rabi ce, a kula. In babu fakiti, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe, ba tuli ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wannan na wucin gadi ne kafin a kai CSI, wato cibiyar kiwon lafiya, don babu fotasiyam a ciki.

Yaro ƙasa da shekara 2 ya sha mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, mai shekara 2 zuwa 9 kuma 100 zuwa 200, babba gwargwadon ƙishinsa. In ido ya fara faɗawa, a ba da mililita 75 kan kowane kilo na nauyin jiki cikin awa 4. Ya yi amai, a dakata minti 10, a ci gaba da cokali-cokali. Kada a yanke nono. Yara su samu zinki miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Haɗin da ya cika awa 24 a zubar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara sukari don yaro ya yarda ya sha. Sukarin da ya wuce kima yana janyo ruwa cikin hanji, zawon ya ƙaru. Shi ya sa lemun kwalba bai dace ba. Gishiri ya yi yawa kuwa, yaro na iya sanƙarewa.

Maganin kashe ƙwayoyi, irin su doksisikilin, yana rage kwanakin ciwo, amma tantanin da guba ta riga ta shiga zai ci gaba da zubar da ruwa har sai hanji ya sabunta shi cikin ƴan kwanaki. Wanda ya suma, ko ya kasa sha, ko bugun jininsa ya yi rauni, ƙarin ruwan Ringer ta jijiya yake bukata nan take, mililita 100 kan kowane kilo.