Yadda za ka shirya gudun kilomita 21, ga aiki ga 'ya'ya

Rabin gudun yada-ƙanin-wani kilomita 21 ne da 'yar ɗoriya. Wanda ya riga ya saba gudun kilomita 5 ba tsayawa zai iya shirya masa cikin mako 12 zuwa 16, da fita uku a mako, wato awa uku zuwa huɗu gaba ɗaya. Wahalar tana wurin samo waɗannan awoyin ba tare da an ci haƙƙin aiki ko na iyali ba.

Bayan sallar asuba ne lokacin da ya fi. Da yamma akwai cunkoson hanya, ga baƙi, ga aikin gida na yara, ga zafin bazara da ba ya sauka da wuri. Tun dare ka ajiye takalmi da safa da ruwa a bakin ƙofa. Talata da Alhamis ka yi minti 40 zuwa 45, ka dawo a yi wankan yara da karin kumallo da kai. Tunda akwai sauran duhu, sa riga mai haske, ka bi gefen da kake fuskantar motoci.

Doguwar fita ta Asabar ce, kuma ita ke jawo ɓacin rai a gida idan ba a yi shawara ba. Ku zauna da uwargida ku tsayar da ranakun tun farko. Awa biyun da ta riƙe yara ita kaɗai, ka mayar mata da su a ranar, kada ka dawo ka miƙe a kan tabarma wai ka gaji. Fara da kilomita 8, kana ƙara ɗaya ko biyu duk mako, kowane mako na huɗu ka rage kashi ɗaya cikin uku. Ka tsaya a 18, saura mako biyu tsere. In biki ko suna ya faɗo Asabar, mayar da ita Lahadi.

Inda mai ƙarancin lokaci ya fi cutar kansa shi ne sauri. Yana ganin minti 40 kaɗai gare shi, sai ya ƙure kansa a kowace fita. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, ƙashi da jijiya kuwa sai a hankali, shi ya sa bayan 'yan makonni ciwon ƙwauri ko na agara ke kwantar da mutum. Kusan kashi 80 cikin 100 na gudunka ya zama mai sauƙi, yadda za ka iya hira da abokin gudu numfashi bai sarƙe ba. Zafafawa sau ɗaya a mako ta isa: minti 10 na sassarfa, sai minti 3 da sauri, minti 2 a hankali, har sau biyar, ka rufe da wata sassarfar ta minti 10.

Wani daren yaro zai kwana da zazzaɓi, wani makon aiki zai sha kanka. Fitar da ta wuce ta wuce, ba a ramuwarta; haɗa biyu a rana ɗaya neman rauni ne. In barcinka bai kai awa 5 ba, yi minti 20 a hankali ko ka haƙura. In mako guda ya tafi, koma kan adadin makon da ya gabace shi. Mai tashi ƙarfe 5 kuma, ƙarfe 10 ya kamata ya kwanta, domin jiki na son awa 7, kuma yawanci waya ce ke cinye wannan lokacin, ba yara ba.

Gudun da bai kai awa ɗaya ba ruwa ya wadatar. Wanda ya haura minti 90 yana son dabino uku ko huɗu duk rabin awa. Auna nauyinka kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi, ledar ruwa biyu ke nan. Koko da ƙosai ko fura da nono sun isa abin karyawa. Da azumi a rage nisa, a koma bayan buɗa-baki.

Sau biyu a mako, ka yi atisayen ƙarfafa ƙafafu na minti 15 a tsakar gida: tsugunawa da miƙewa, da ɗaga dunduniya a bakin dakali, sau 12 har zagaye uku. Yara kan so shiga, a bar su.

Uwa mai jego ta jira aƙalla mako 12 bayan haihuwa kafin ta fara gudu, ta soma da tafiyar ƙafa, ta shayar da jariri kafin ta fita. Idan fitsari na ɗiga ko tana jin nauyi a mara, ta dakata ta ga likita kafin ta ci gaba.