Yadda Za Ka Rage Wa Wayarka Nauyi

Ka riƙa kashe wayarka kana sake kunna ta aƙalla sau ɗaya a mako, domin hakan yana wanke ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, ya kuma tsayar da manhajar da ta maƙale tana zuƙe batir ba da saninka ba. A wasu wayoyin danna maɓallin gefe ka riƙe ya wadatar, amma a sababbin iPhone sai ka haɗa shi da maɓallin sauti.

Mutane da yawa suna rufe duk manhajojin da suka buɗe da zarar sun gama, suna zaton tattalin caji suke yi. A ganina wahalar banza ce, tunda Android da iOS, wato manyan manhajojin da ke tafiyar da wayoyi, da kansu suke dakatar da manhajar da ba a amfani da ita, kuma tayar da ita daga farko ya fi cin wuta. Wadda ta daskare ita ce ta cancanci rufewa.

Sanarwa kuwa ita ce ke haska fuskar waya dare da rana. Tun daga Android 13, sabuwar manhaja sai ta nemi izini kafin ta aiko da sanarwa, saboda haka ka hana wasanni da manhajojin saye-saye, ka bar kira da saƙonnin banki.