Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa kafasita a injin iska

Janaretan indakshan da ke cikin injin iska ba shi da maganaɗisun kansa. Daga babban layi yake janyo wutar da ke kunna masa maganaɗisu, wadda ake aunawa da kVAR. Wutar nan ba ta tsinana aikin komai, sai cika waya da taransifoma, fawa fakta (ma'aunin yawan wutar da ke aiki cikin wadda ake ja, wanda ba ya wuce 1) ta faɗi. Maganinta shi ne jerin kafasita, na'urorin da ke riƙe caji su samar da wannan wuta a wurin, da ake shigarwa kashi-kashi gwargwadon ƙarfin iska. Mu ma zancen ya shafe mu, tunda an kafa injina 37 masu kilowat 275 kowanne a Lambar Rimi ta jihar Katsina.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne cika kafasita, wai don fawa fakta ta kai 1 cif. Ranar da babban layi ya ɗauke alhali iska na kaɗawa, kafasitar ce za ta ci gaba da ciyar da janareta maganaɗisu. Ba nauyi a kansa, gudu ya ƙaru, boltej ya haura, kafin a ankara kaya sun ƙone. Kashin kafasitar da ke manne da janareta kullum kada ya wuce kusan kashi 90 cikin 100 na kVAR ɗin da yake ja in ba nauyi. Sauran a haɗa su yadda za su fita nan take da zarar layi ya yanke.

Sai gaggawar mayar da kafasitar da aka cire yanzu-yanzu. Tana riƙe da caji. Ƙa'idar IEC 60831 ta ba ta har minti 3 ta sauka zuwa bolt 75, iska kuwa ba ta jiran kowa. In kashi yana shiga yana fita ba hutawa, a tsawaita lokacin jira a kwantirola, ko a koma makunnin tairista, wato makunnin lantarki marar baki mai motsi. Kontakta (makunnin da ke haɗa kafasita da layi) ta gama-gari kuma ba ta wannan aiki ba ce; wutar da ke kwararowa a karon farko kan narkar da bakinta ya manne. A nemi mai rezista da ke rage wannan kwararar, wadda aka ƙera don kafasita.

Wani abin da ake mantawa: kada kafasita ta shiga sai na'urar tayar da janareta a hankali ta gama aikinta an tsallake ta.

Akwai kuma hamonik, wato gurɓatar wuta da ke kaɗawa da ninkin saurin na layi, ana auna ta da Hz. Kafasita da taransifoma kan yi amo ɗaya a kusa da Hz 250, sai ka ga fiyus na tsinkewa, kafasita na kumbura. Canza fiyus ɓata kuɗi ne kawai. A sa riyakta, naɗin wayar da ake jera wa kafasita, mai kashi 7 cikin 100, wadda ke mayar da amon Hz 189 a layin Hz 50 irin namu.

Ƙurar hunturu kan toshe matatar iskar akwatin kafasita, zafin bazara ya ƙarasa kafasitar a ciki. A riƙa kakkaɓe matatar, a auna amfiyar kowane kashi. Wanda ya ragu sosai, a canza shi.