Yadda ake gyara yoyon bututun fuloshin na masai mai tankin cikin bango

Irin masan nan na zamani da tankinsa ke ɓoye cikin bango, kamar na Geberit ko Grohe, in ya fara yoyo mutane da yawa abin da ke fara zuwa musu shi ne a kira birkila a fasa tayil. Toh a dakata tukuna, galibi matsalar tana bayan tangaran ɗin ne, wato kwanon masan, ba sai an taɓa bango ba.

Da farko gano ina ruwan yake fitowa. In kaga ruwa na zirara cikin kwanon masan ba tsayawa ko ba a danna ba, wannan ba laifin bututu bane, galibi robar bawul ɗin da ke cikin tanki ce ta mutu. In kuma sai an danna sannan ƙasa ta jiƙe, to bututun fuloshin ne ko na fitar da ƙazanta. Ka goge wajen ya bushe, ka ɗaga farantin dannawa sama kaɗan ka jawo shi ya fita, ka cire murfin da ke bayansa, ka zuba bula ta wanki cikin tankin, shimfiɗa tishu a ƙasa ka danna. Inda shuɗi ya fara bayyana nan zaka bi.

Cikin tagar nan da ka cire farantin akwai ƙaramin bawul na shigar ruwa, rufe shi, ka danna fuloshin har tankin ya zama wayam. Sai ka yanke silikon da aka zagaye tangaran da shi da reza, ka kwance notika biyun da ke riƙe da shi. A nan ka nemi wani ya kama maka, abin yana da nauyi kuma in ya suɓuce ya tsage shikenan sai sabo. Ku jawo shi a miƙe, banda murɗawa. Ka cusa tsumma a bakin babban bututun ƙasa saboda wari.

Zaka ga bututu biyu, ƙaramin na sama shi ne na fuloshin, a mai rataye a bango yawanci milimita 45 ne, na ƙasa kuma 90. Zare ƙaramin ka duba robar da ke bakinsa, in ta ƙandare ko ta yage ko ta lanƙwashe ai ka samu mai laifi. Ɗauki tsohuwar ka tafi da ita shago, kar ka yarda da "oga duk ɗaya ne", ba ɗaya bane.

Amma wani lokacin robar lafiyarta ƙalau, tun wajen haɗawa ne aka yanke bututun ya gaza, bai shiga sosai ba, kowane dannawa ƙarfin ruwa na ƙara turo shi baya. Wannan sai dai sabon bututu, ka auna da kyau ka yanke da zarto a miƙe, sannan ka goge bakin da magagari ya yi sulɓi don kaifinsa kar ya ci robar. Kar ya yi tsayi fiye da ƙima kuma, tangaran ba zai kwanta da bango ba.

Shafa girisin silikon ko ruwan sabulu a robar. Banda baslin da baƙin mai, suna lalata roba. Kuma dan Allah kar a lafta gam ko siminti a wajen, kwana kaɗan zai dawo kuma ka wahalar da mai gyara na gaba.

Cire tsumman nan, mutane na mantawa da shi. Saita bututun biyu da ramukansu, ku tura tangaran a hankali, ɗaure notikan bi da bi kaɗan-kaɗan kar ka matse da ƙarfi. Buɗe bawul, danna sau da yawa da sabon tishu a ƙasa, sai ya fito a bushe sannan ka mayar da silikon.

In har yanzu shuɗin na fitowa daga cikin bangon kansa, to mahaɗar ƙasan tanki ce, wannan kam kira falamba.